Waɗanda Suka Ci da Waɗanda Aka Ci

Makarantun Dajin Marke sun lalace, kuma babu wanda bai sani ba. Ɗan barewa zai gama aji shida bai iya bambance tarko da igiyar yaɗiya ba. Ɗan zomo, da takardar yaye rataye a wuya, zai tarar da ramin mafarauci an rufe shi da ganye, ya ɗauka shimfiɗa aka yi masa. A damina guda mafarautan ƙauyukan gefe suka kwashi 'yan makaranta har suka gaji, suka koma zaɓen masu ƙiba. Su kuma malamai an daɗe ba a ba su dusarsu ba, galibinsu sun koma kiwon kansu, sai sun ƙoshi su leƙo aji su yi barci.

Da kukan iyaye ya hana fada sakat, Sarki Gagarau, zakin da ke mulkin dajin, ya tara majalisa, aka kira hedimastoci. Cikinsu har da Malam Auraki, jakin da ke riƙe da makarantar Gindin Tsamiya. Tsoho ne, bayansa duk tabon mangala tun zamanin da yake hannun mutane, kafin ya tsinke igiya ya shigo daji. Dalilin ba shi makaranta ke nan. Ya zauna da ɗan Adam, ya san yadda yake ɗana tarko, ya san yadda yake laɓewa a mashaya. Aka zaunar da hedimastoci can baya a cikin rana, kuraye suka cika inuwa.

Sarki ya yi jawabi. Ya ce ilimi shi ne ƙashin bayan daji, ya ce 'yan makaranta 'ya'yan cikinsa ne, ya ce tun da abin nan ya fara barci bai ƙara ɗaukarsa ba. A nan hamma ta kama shi. Aka jira ya gama, aka yi tafi.

Sai Hajiya Burungu, kurar da ke riƙe da ma'aikatar ilimi, ta miƙe ta gyara mayafi.

"Allah ya ja zamanin Sarki. Mun kafa kwamiti, kwamiti ya kafa ƙaramin kwamiti, mun gano ciwon. Ba dusa ba ce, ba allo ba ne. Rashin awo ne. Malamin da ba a auna shi, me zai tashe shi daga barci? Daga yau kowace makaranta za ta hau sikeli, kuma kowane hedimasta zai amsa da jikinsa."

Ta zayyana tsarin. Ƙarshen kowace shekara za a yi jarrabawa iri ɗaya a duk faɗin daji. Za a duba cikin waɗanda suka zauna, kashi nawa cikin ɗari suka ci. Makarantar da ta kai kashi tamanin, a shafa wa bishiyarta farar ƙasa. Wadda ta gaza, a shafa mata ja. Wadda ta sha ja sau biyu a jere a rufe ta, a mayar wa iyaye 'ya'yansu, hedimasta kuwa a miƙa shi ga Hukumar Ladabtar da Malamai. Ofishin hukumar yana kwazazzabon yamma, kuma ba a taɓa ganin wanda aka gama ladabtarwa ya dawo ba.

Malam Auraki ya ɗaga kunne aka ba shi izini. Ya tambayi me za a tambayi yaran. Hajiya ta ce kirarin Sarki daga farko har ƙarshe, da sunayen ministoci bi da bi, da manufofin gwamnati.

"Ranki ya daɗe, to tarkon fa? Ai shi ya tara mu."

"Malam, tarko ba ya aunuwa. Yaro ya wuce tarko bai faɗa ba, me zan rubuta? In ba shi maki a kan abin da bai faru ba?"

Kuraye suka yi dariya irin tasu. Auraki ya sauke kunne.

Saura wanda zai riƙa zagayawa yana awon. Sarki ya ce tunda maganar duk ta kashi ce, wa ya fi kowa sanin kashi a dajin nan? Majalisa ta haɗa baki ta ce buzuzu. Aka ɗauko wani mai suna Ɗan-Mirgine daga bakin aikinsa aka naɗa shi babban sufeto. Ba wanda ya tambaye shi wane kashin ya sani, shi ma bai ga dalilin faɗa ba.

Shekarar farko Auraki ya raba yini biyu. Da safe kirari, da yamma tarko. Ya kan sa a haƙa rami a rufe da ganye, ya jera yara su nuna masa inda ƙasa ta canza launi. Kirarin kuwa dogo ne, an cusa masa kalmomin da ko masu faɗarsa a fada ba su san ma'anarsu ba. 'Ya'yan kurege da na biri suka haddace shi kamar ruwa. Amma akwai 'yan layin baya, 'ya'yan gada da bushiya da gadu, masu nauyin baki. Kada wani ya ce maka wata baiwa ce ɓoye a jikinsu. Kirarin ba su iya ba, tarkon ma da ƙyar. Akwai wani ɗan gadu a cikinsu da kullum in ya kai layi na uku na kirarin sai ya tsaya, ya kalli sama, majina ta zubo. Da sakamako ya fito, aka zo aka shafa wa tsamiya ja tun daga saiwa har inda hannun biri ya kai.

Makarantar Gindin Kuka kuwa, da ke hayin rafi, fari tas. Ɗari bisa ɗari. Hedimastanta wani dila ne, Malam Jatau, wanda shekarar da ta wuce ɗalibansa ne suka fi na kowa cika jakar mafarauta. Aka rataya masa lambar yabo, Hajiya ta kira shi fitilar daji.

Auraki ya same shi a mashaya wata safiya ya tambaye shi sirrin, don shi dai a saninsa daƙiƙan Gindin Kuka sun fi nasa yawa. Jatau ya lashe baki ya duba hagu da dama.

"Yaya Auraki, kai matsalarka ɗaukar kaya ka iya, ba ka sauraron doka. Cewa aka yi cikin waɗanda suka zauna. An ce cikin waɗanda aka haifa?"

"To waɗanda ba su zauna ba suna ina?"

"Suna ƙarin karatu."

Ya yi masa bayani. Wai ƙannen Hajiya sun buɗe Cibiyar Ƙarin Karatu don yara masu rauni, makarantar kwana, kyauta, ci da sha duk a wuyansu. Hedimasta ya ware waɗanda ya san za su faɗi, ya tura su can kafin jarrabawa, shi ke nan sun fita daga lissafinsa. Iyaye ma murna suke yi. Jatau ya ce in yana so, a bakinsa kawai take, ya yi masa hanya.

Auraki ya tafi yana juya maganar. A gaskiya ta yi masa daɗi a kunne. Bai ga laifin a ba daƙiƙi ƙarin karatu ba, kuma shi ba ya sha'awar ganin cikin ofishin ladabtarwa. Ya ce bari dai ya ga wurin tukuna. Ana haka sai wata gada mai suna Lantana, wadda ɗanta ke cikin waɗanda Jatau ya tura, ta roƙe shi ya kai wa yaron ɗanyen ganye, tunda shi mai baya ne, kuma an ce ba a barin iyaye su shiga don kada hankalin yara ya rabu. Ya ce ta ɗora.

Cibiyar tana kwazazzabon yamma. Ashe da ita da Hukumar Ladabtarwa gida ɗaya ne, ƙofa ce biyu. Abin da ya fara damun Auraki shi ne shiru. Ya yi shekara da shekaru cikin yara, ya san ko guda biyar ka tara sai ka ji su daga nesa. Nan kuwa sai ƙudaje. Wani ƙaton kure mai gadi, tumbi har ƙasa, ya tare shi ya ce ya sauke kayan a nan.

"Ina yaran?"

"Suna aji."

"Ban ji karatu ba."

"Karatun zuci muke yi a nan, Malam."

Auraki ya ɗaga kai ya ga ungulaye sun cika rassa, ya tambaya. Mai gadi ya ce malaman wucin gadi ne. Ya nuna masa inda zai zube ganyen, bayan wani dutse. A can ya tarar da tsibin ganye da ciyawa da 'ya'yan kanya, duk saƙon iyaye, na ƙasa ya ruɓe ya zama taki, na sama ya bushe, ba a taɓa ko ɗaya ba. Gaba kaɗan da tsibin akwai wani tsibin. Ƙananan ƙahoni ne da kofatai, da ƙayoyin bushiya, an share su gefe guda da kyau, don ma'aikatan wurin ba sa son ƙazanta. Ya sauke kayan Lantana a kan na sauran, ya yi wa mai gadi sallama, ya hau tudu.

Ya gaya wa Lantana abin da ya gani, bai rage komai ba. Ta saurare shi har ya gama, sannan ta ce ya ji tsoron Allah. Ta ce duk wata ana kawo mata gaisuwar ɗanta, har an ce ya yi ƙiba. Ta ce don an shafa masa ja ba shi ne zai sa ya yi wa ɗan wani mugun baki ba. Kafin yamma magana ta zaga daji cewa hassadar Jatau ta taɓa kan tsohon jakin nan. Waɗanda suka yarda da shi ma suka ce ya yi shiru, su ba da su ba.

Ba a jima ba Sufeto Ɗan-Mirgine ya zo duba makaranta. Da baya da baya ya shigo, yana tura ƙullinsa da ƙafafun baya kamar yadda ya saba, saboda haka duk zagayen da ya yi bai ga komai ba sai hanyar da ya fito. Ya ce ya gamsu da tsafta. Sannan ya isar da saƙon Hajiya: an ware wa Gindin Tsamiya gurbi a Cibiya, a tura 'yan layin baya kafin jarrabawa. Ya ce shi ya yi lissafi, in aka cire su makarantar za ta yi fari, Malam ya mutu a kan ƙafarsa in lokacinsa ya yi.

Auraki ya ce zai duba. Yana da sauran dabara guda, kuma ya yarda da ita har zuciyarsa. Sarki bai sani ba. Kuraye ne suke cin amanarsa a bayan idonsa, ranar da ya ji kuwa, daji zai girgiza. Haka talakawan Marke suke faɗa a kan kowace ɓarna tun kakanninsu, shi ma a cikinsu ya tsufa.

Ranar sauraron koke ya isa fada. Ya tarar Sarki ya gama kalaci yana sakace, Hajiya Burungu na gefe. Ya durƙusa ya faɗi komai, shirun, da tsibin ganye, da ɗaya tsibin. Yana magana fuskar Sarki tana haɗewa, gashin wuyansa yana tashi. Fadawa suka fara ja da baya. Auraki ya ji wani sanyi a ransa, ya ce yau dai Allah ya kawo ƙarshen abin.

Sarki ya juya ga Hajiya. "Gaskiya ne?"

"Allah ya ja zamanin Sarki, sakamako ya tashi a ko'ina. Da ma ɗalibai iri biyu ne, akwai masu ci, akwai kuma..." Ta sunkuyar da kai.

"Tun yaushe?"

"Tun bara."

"Tun bara. A ƙasata, da 'ya'yan talakawana, ina zaune a nan ana kawo mini tsofaffin gwankaye masu tauri." Ya cire tsinken daga bakinsa ya nuna ta da shi. "To nawa kashi nawa ne?"

Aka aika a kira Ɗan-Mirgine. A gaban Auraki, yana durƙushe ba wanda ya ce ya tashi, aka yi ciniki. Hajiya ta ce akwai ɗawainiyar ma'aikata, Sarki ya ce akwai ɗawainiyar rawani. Aka daidaita a kan rabi da rabi, ƙashi na kuraye. Da aka gama Sarki ya tuna da mai koke. Ya yaba masa, ya ce da irinsu ake gina ƙasa, ya ce ya tona almundahanar da ta daɗe tana cutar da baitulmali. Ya ce don a nuna masa an gode, 'yan Gindin Tsamiya ba za su bi layi a kwazazzabo ba, fada za a kawo su kai tsaye.

Auraki ya yi godiya, don ba a fita daga fada ba godiya. A hanya ya tsaya ƙarƙashin wata ƙirya ya daɗe. Jaki ba shi da saurin tunani, amma in ya kama abu ba ya saki. Ya bi dokar Hajiya daki-daki a ransa yana neman ƙofa, ya sami guda ɗaya tak. Yaron da ke makaranta na gwamnati ne, hedimasta na iya tura shi inda aka ce. Yaron makarantar da aka rufe kuwa, doka ta ce a mayar wa iyayensa. Ba a rufe makaranta sai ta sha ja na biyu. Abin da ke biyo bayan ja na biyu kuma ya riga ya ga ƙofarsa da idonsa. Ya so a ce akwai wata hanyar. Ya sake bi tun daga farko, bai samu ba.

Daga ranar ya daina koyar da kirari gaba ɗaya. Safe da yamma tarko, ya ƙara da warin kura da sawun zaki, abin da ba ya cikin manhaja. Duk lokacin da aka aiko a tafi da 'yan layin baya sai ya turje. Yau ya ce suna mura, kada su kai wa fada cuta. Gobe ya ce sun rame, a bari su ɗan murmure, kada a ji kunya. Wannan hujjar ta biyu ta shiga kunnen fada sosai, har aka aiko musu da dusa, abin da makarantar ba ta gani ba tun hawan Gagarau.

Ranar jarrabawa tun da sassafe Auraki ya jera 'yan layin baya a layin gaba, ɗan gadu a tsakiya. Da Ɗan-Mirgine ya iso da bayansa ya juyo, ya tarar sun riga sun zauna, wanda ya zauna kuwa doka ta ce a ƙirga shi. Aka fara. 'Ya'yan kurege ma da suka iya bara sun manta rabi. Ɗan gadu ya kai layi na uku ya kalli sama. Kafin azahar biri ya zo da jar ƙasa.

Iyaye suka taru a gindin tsamiya don karɓar 'ya'yansu, ba wanda ya zo da fara'a. Auraki ya hau kan tushe ya ce su kwashi yaran su ƙetare rafin gabas, ko su riƙe su a gida, duk abin da za su yi dai kada su sake rubuta sunan ɗa a wata makaranta a dajin nan. Ya ce jahilci da rai ya mayar musu, shi ne iyakar abin da ya iya. Wani tsohon bushiya ya tambaye shi wa zai ba yaran takarda in sun zauna a gida. Uwar ɗan gadu ta ce ya ɓata wa ɗanta shekara biyu, ya ja musu abin kunya, yanzu duk inda suka shiga sai a ce ga 'yan jar makaranta. Wata ta ce da ma an gaya musu kansa ya taɓu. Suka ja 'ya'yansu suka watse, ba wanda ya ce masa sai wata rana.

Washegari kuraye biyu suka zo tafiya da shi. Ba su ɗaure shi ba, sun san ba inda za shi. Hanyar kwazazzabo ta bi ta gaban Gindin Kuka, tun daga nesa ya hango farar ƙasa tana ƙyalli a jikin bishiyar. Da suka matso ya ga layi. Iyayen jiya ne, kusan dukkansu, kowa riƙe da ɗansa, suna ture juna don kada gurbi ya ƙare. Malam Jatau na tsaye a bakin ƙofa da lambarsa a wuya, yana yi wa kowane yaro tambaya ɗaya, yana cewa wannan ya tsaya dama, wannan ya tsaya hagu. Ɗan gadu yana hagu. Da ya hango tsohon malaminsa sai ya durƙusa ya ce, "Malam, ina kwana."

Auraki ya tsaya cak. Ya buɗe baki ya yi kuka irin na jaki, da duk ƙarfin da ya rage masa, yana kiran iyayen da sunayensu ɗaya bayan ɗaya. Muryar jaki ba daɗi gare ta ba. Uwaye suka toshe wa 'ya'yansu kunne, wani ya ce a wuce da shi mana, yana tsorata yara. Jatau ya ɗaga masa hannu cikin ladabi.

"Yaya, sai haƙuri. Aikin gwamnati ne."

Kurayen suka zungure shi, ya ci gaba da tafiya. A bakin kwazazzabo mai gadin nan ya gane shi, ya yi masa maraba, ya ce wannan karon ta ɗaya ƙofar zai shiga.

Naman tsohon jaki tauri gare shi, ga jijiya. Sai da kuraye suka kwana biyu suna ja, fada ma da aka aika mata cinya ta kwana biyu tana fama. A kwana biyun nan ba a aika Gindin Kuka neman ɗan kowa ba. Abin da Malam Auraki ya saya da ransa ke nan, kwana biyu.